'Yar Uba-Dinya

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna tambayar yadda haɗuwar iyayenmu ta kasance, ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Ba jan aji ba ne. Tun ranar Asabar nake ɗaukar waya ina ajiyewa, in rubuta layi biyu in goge, na rasa ta inda zan kamo bakin zaren. Wata a cikinku har cewa ta yi, "Malama Boram, ko dai an fasa ne?" Ba a fasa ba, 'yar'uwa. Da fasawa aka yi, da aƙalla na san irin kukan da zan yi.

Saboda sababbin zuwa: sunana Chu Boram, a birnin Daegu nake zaune da mahaifina, kuma Turanci nake koyarwa. Ba nahawu ba, wannan kowane lungu akwai mai sayar da shi. Nawa shi ne wanda littafi ba ya kawowa, wato karin maganar Turawa da sarar da matasansu ke yayi. Ina da ajin manya a wata 'yar makaranta saman shagon tabarau, ina kuma ɗora gajerun bidiyo a waya. Ɗalibaina ma'aikatan kamfani ne, mutanen da suka cinye jarrabawa da maki mai kyau, amma in Bature ya yi barkwanci a taro sai sun ga kowa ya dara sannan su bi sahu. Kullum abu ɗaya nake nanata musu: sanin ma'anar magana rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sanin wa za ka gaya wa, kuma a wane lokaci.

A ajin nan na haɗu da Bang Dowon. Ranar farko ya shigo da kwat a hannu, fuska a murtuke, ya zauna a kujerar gaba kamar wanda ya kawo ƙara. Wai wani Ba'amurke da kamfaninsu ke sayar wa kayan mota ne ya saurari shawararsa a taro ya ce, "No-brainer." Bawan Allah ya yi ta yawo da baƙin ciki a ransa, a zatonsa marar ƙwaƙwalwa aka kira shi a gaban shugabansa.

"Yabonka ya yi," na ce masa. "Nufinsa shawararka a fili take, ba sai an tsaya dogon tunani ba."

Kunnuwansa suka yi ja. "To ni da na daina amsa masa gaisuwa fa, Malama?"

Ajin ya tuntsire da dariya, shi ma ya shiga ciki. A ranar na san na shiga uku, don namijin da zai iya yi wa kansa dariya a gaban mutane ba a ko'ina ake samunsa ba. Har yau Malama yake kirana in yana jin tsokana, ni kuma in ce masa Oppa, wato yaya, tunda ya girme ni. Ina son shi. Na faɗa tun yanzu, don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ce da ma hanyar gudu nake nema.

Amma kafin in kai ku teburin haɗuwar, sai kun san Appa, mahaifina. Turancin da nake cin abinci da shi, shi ya biya shi da ƙuruciyarsa. Ina 'yar shekara tara Omma, mahaifiyata, ta ɗauke ni da ƙanena Hansol muka tafi Kanada, don mu sha harshen tun daga tushe. Appa ya zauna a nan yana aiki yana turo mana. Uba-dinya ke nan, kamar yadda kowa ke kiran irinsu: dinyar daji ce ke tsallake teku sau ɗaya a shekara ta ga iyalinta ta dawo. Mai hali shi ne uba-mikiya, duk sanda ya ga dama ya buɗe fiffike. Wanda abin ya fi ƙarfinsa kuma, sunan tsuntsun ƙanƙarar nan ake laƙaba masa, mai tafiya da rangaji, wanda fiffikensa na ado ne. Appa a dinya ya fara, a tsuntsun ƙanƙara ya ƙare.

Omma ba ta dawo ba har yau. Tana can da Hansol da shagonta na gyaran tufafi. Ba su rabu ba, ba su yi faɗa ba, kowace sabuwar shekara suna gaisawa a waya cikin ladabi kamar tsofaffin maƙwabta. Ni ce na dawo bayan na gama jami'a. A filin jirgi wani dattijo mai furfura ya taho ya karɓi akwatina, ya ɗan sunkuyar mini da kai yadda ake yi wa baƙo, ya ce, "Kin sha hanya." Har muka iso gida ina satar kallonsa, ina neman baban da na bari. Zuwa yau, in ban hana shi ba a tsaye yake cin abinci a kicin. Talabijin kuwa ba ya kashe ta ko wanka zai shiga, wai ya saba da jin muryar mutane a gidan.

To, ranar Asabar tun da safe Gomo, yayar Appa, ta diro mana. Matar nan in ta shigo gida har firji sai ya gyara tsayuwa. Ta buɗe kabad ɗina, ta ture duk abin da na ware, ta zaro wata riga ruwan madara mai dogon hannu wadda ta sauka ƙasan gwiwa, ta ce ita zan sa. Ta tattare gashina ta ɗaure a ƙeya tamau, ta cire mini manyan 'yan kunnena ta maƙala wasu 'yan ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Jan bakin da na shafa ma sai da ta sa na goge, wai ya yi kama da na mai neman rigima.

"Boram-a, buɗe kunnenki. Ban da ɗaga kafaɗar nan taki ta Turawa. Ban da zuba wa uwar miji ido kamar za ki karanta goshinta. In an tambaye ki, ki amsa a gajarce. In ba a tambaye ki ba, bakinki na cin abinci ne."

"Gomo, haɗuwar iyaye za mu ko kotu?"

"Kotu ai da sauƙi, can ana ɗaukaka ƙara. Kin kusa talatin, uwarki tana bayan teku, ubanki in ba a matsa shi ba ba ya magana. Mutanen kirki sun ce suna so, sai ki riƙe da hannu bibbiyu."

Appa yana bakin ƙofa cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, wadda ta yi masa yawa a kafaɗa, yana goge takalmin da ya riga ya goge. Saƙon Omma ya shigo: "Ki yi murmushi. Ki ce ina gaishe su, aiki ne ya riƙe ni." Ta jera hotunan zuciya a ƙarshe.

Gidan abincin mai ɗakuna ne, a cire takalmi a zauna a ƙasa. Mun tarar sun riga mu. Aka yi ta sunkuye-sunkuye, kowa na tura wa ɗan'uwansa mazaunin girma, har mai kawo abinci ta gaji da tsayuwa da tire. Mahaifin Dowon shiru-shiru ne, ya naɗe hannu yana kallon bango. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Omonim, ta sha riga koriya mai haske da sarƙar lu'ulu'u, gashinta a nannaɗe ko sili ɗaya bai kauce ba. Aka cika tebur da ƙananan kwanuka: gasasshen kifi, naman haƙarƙari, kabejin yajinmu kimchi iri-iri, kunun kabewa mai zafi. Da farko komai ya tafi lafiya lau. Omonim ta ce ai tana kallon bidiyona.

"Ba na gane komai, amma bakin nan naki, kai! Kamar a can aka yanke miki cibiya. Ranar nan na nuna wa matan cocinmu wanda kike bayanin zubar da shayi. Yaya ma ake faɗa?"

"Spill the tea, Omonim. Matasansu ke faɗa in suna son a fesa musu gulma."

"Kun ji ko! Gulma ma da sunanta na gayu." Ta yi dariya ta dafa hannun mijinta. "Matan nan kamar su haɗiye wayar don hassada."

Gomo ta zungure ni ta ƙarƙashin tebur don in sunkuyar da kai, na sunkuyar. Dowon ya ƙifta mini ido. Hankalina ya fara kwanciya, har na ɗauki tsinkayen cin abinci. Sai Omonim ta juya wajen Appa, ta gyara zama.

"Gaskiya mu abin da ya fi kwanta mana a rai game da gidanku, ku kun riga kun san hanya. 'Yar ƙawata ta kwashi yara ta kai waje, ita ko gaisuwa ba ta ji, ta dawo da su ba Turanci ba lafiya. Amma Boram? Ta san makarantu, ta san unguwanni, ga uwarta a can. In Allah ya kawo jikoki, da sun isa shiga firamare sai ta ɗauke su su tafi. Dowon ya zauna ya yi aiki, yadda kuka yi. Mu mun riga mun gama maganar a gida."

Jama'a, kun san yadda kunne ke toshewa in jirgi zai sauka? Haka ɗakin ya yi mini ɗif. Na dubi Dowon ina jiran ya yi dariya ya ce wa mahaifiyarsa haba Omma. Gyaɗa kai yake. Gyaɗa kai, da murmushinsa, yana cire wa kifi ƙaya.

"Namu dai mikiya zai zama, ba dinya ba," in ji Omonim. "Duk hutu yana can."

Mahaifin Dowon, wanda tun zamanmu bai haɗa jimla biyu ba, ya ɗauki kwalbar giyar shinkafa da hannu biyu ya zuba wa Appa. "Irinku ne suka ɗaga ƙasar nan. Namiji ya haɗiye kewarsa saboda 'ya'yansa. Ga sakamako nan zaune a gabanmu."

Sakamakon ni ce, cikin rigar ruwan madara. Appa ya tallabi ƙoƙon da hannu biyu, ya sunkuya ya ce, "Ba wani abu na yi ba. Kowane uba zai yi." Ya juya gefe ya sha. Na buɗe baki zan yi magana, Gomo ta kafa mini farce a gwiwa, na rufe. Haka aka ci aka sha aka yi ta yabon juna, ni kuwa ban san ɗanɗanon ko abu ɗaya a teburin ba.

Da aka fito, Gomo ta tura Appa cikin tasi, ta ce yara su ɗan zaga gari. Ina shiga motar Dowon na fizge abin ɗaure gashin na jefar a ƙasa.

"Oppa, yaushe kuka gama maganar a gida?"

"Wace? Au, ta yara? Ai an daɗe. Na ɗauka daɗi za ki ji."

"Daɗi."

"Boram-a, ke fa kin ga irin faman da nake. Tun ina firamare nake haddar kalmomi, har yau in Bature ya yi wasa sai na zo wurinki in ji ko zagina aka yi. Waɗanda suka taso a can su ake ɗauka, su ake ƙara wa girma, mu muna riƙe musu jaka. Ba na son ɗana ya riƙa dariya a makare kamar ubansa. Ga ki, ga Omma ɗinki a can. Ai wannan no-brainer ne."

Ya faɗe ta daidai, da lafazi mai kyau, har yana ɗan jiran in yaba. Ban taɓa jin haushin sana'ata irin na lokacin ba.

"Ma'anarta na koya maka, ashe ban koya maka inda ake ajiye ta ba. Wannan a kan zaɓen abincin rana ake faɗarta, ba a kan raba miji da mata ba."

"Wa ya ce raba? 'Yan shekaru ne fa."

"Mu ma 'yan shekaru aka ce."

"Ni ba zan bari ta kai haka ba. Zan riƙa zuwa."

"Appa ma ya riƙa zuwa."

Ya saki sitiyari ya juyo gaba ɗaya, kuma abin da ya fi ci mini rai, ba fushi a fuskarsa, mamaki ne zalla. "Kin san ba wanda nake girmamawa kamar mahaifinki? Duk sanda na gan shi sai in ce in na kai rabinsa na gode. Yanzu so kike ki ce mini abin da ya yi aikin banza ne?"

Nan ya ɗaure ni. In na ce eh, na zubar da shekarun Appa a kwata, kuma da bakin da shekarun suka saya mini. In na ce a'a, na amince ke nan. Gaba kura, baya siyaki. Shi kuwa ya ɗauka ya ci gardama, ya shafa kaina ya ce yunwa ce ke damuna tunda ya lura ban ci komai ba.

Daga ranar wayata ba ta huta ba. Gomo ta fara: "Sun yaba da ke. Kar ki ɓata rawarki da tsalle." Ba a jima ba ta ƙaro: "Yaran da ba a haifa ba kike rigima a kansu? Ki shiga tukuna." Na san wasunku ma haka za ku ce, ki shiga daga baya kya san yadda za ki yi. Ba ku san Omonim ba ne. Matar da ta zaɓa wa Dowon jami'a da kamfani da launin mota, kuma bai taɓa jin an zaɓa masa ba. In ta ce an gama magana a gida, to an gama.

Na kira Omma ina sa ran ita kam za ta gane. Ta ɗauka tana shago, fil a bakinta, tana kama ƙafar wandon wani.

"Haba, wannan ai abin farin ciki ne! Ɗakin sama yana nan, zan gyara muku. In riƙa ganin jikokina kullum."

"Omma, shi Dowon fa?"

"Maza suna jurewa. Dubi babanki, me ya same shi?"

Na kalli ƙofar falo, inda talabijin ke ta surutu ba mai kallo. Na ce mata cajina zai ƙare.

Ranar Litinin na shiga aji da idanu a kumbure, na ce musu mura ce. Akwai wani ɗalibina, Manaja Pyeon, mai ƙiba da sanƙo, kullum shi ne na ƙarshen fita. Sai ya jera kujeru, ya goge allo, ya tambayi ko a kashe fitila. Da ina ɗauka kirki ne kawai. Matarsa da 'yarsa suna Ostareliya, na sani tun tuni, amma ban taɓa haɗa biyu da biyu ba sai ranar. Da kowa ya watse ya matso da wayarsa.

"Malama, ɗan taimaka. Na tura wa yarinyar tawa sarar nan da kika koya mana makon jiya, don ta ga babanta ma ya waye. Ga abin da ta maido. Na duba ƙamus ban gane ba."

Kalma ɗaya ce: cringe. Abin da suke faɗa ke nan in mutum ya yi abin da ya sa ka ji kunya a madadinsa, har ka so ka kau da kai. Ya tsaya yana kallona da murmushi, yana jiran albishir.

"Tsokana ce, Manaja," na ce. "Irin ta 'ya da uba. Nufinta ka ba ta dariya."

"Au to! Ai da ma tun tana ƙarama nake ba ta dariya." Ya mayar da wayar aljihu yana jin daɗi. "Kwana biyu ke nan ba ta amsa mini ba sai yau. Ki ƙaro mana irinsu, Malama, suna aiki."

Ya fita yana jan ƙafa a matakala, kamar wanda ba inda yake sauri. Na dube shi ta baya na ɗora masa fuskar Dowon. Ina tsaye a wurin saƙon Dowon ɗin ya shigo, da hoton wani ɗan kare ya langaɓe kai: "Malama, fushi ake har yanzu? Na nemo sabuwa da kaina: in the doghouse. Haka suke cewa in mace ta juya wa mijinta baya ko? To ina ɗakin kare, a taimaka a buɗe." Na yi dariya ban shirya ba, dariyar ta juye kuka. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Mutum ɗaya ya rage mini. Yau da la'asar na bi Appa bakin rafi, inda yake zuwa miƙe ƙafa tunda ya yi ritaya. Na same shi a kan benci da hular hana-sallarsa da 'yar gorarsa ta shayin sha'ir, yana kallon tsofaffi suna motsa jiki a kan ƙarafan da aka kafa a wurin. Na zauna kusa da shi.

"Appa, maganar ranar Asabar."

"Mutanen kirki ne."

"Na sani."

"Yaron ma yana da hankali."

Zama da Appa ya koya mini cewa in ka cika matsa masa sai ya tashi ya ce zai sayo wani abu. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ina kallon bidiyonki, kin sani?"

Ban sani ba.

"Rabi ba na ganewa. Amma ina son jin ki in kina Turanci, kin fi sakewa. Da ni kina magana kamar mai tsoron yin kuskure a gaban shugaba." Ya kurɓi shayi. "Akwai abin da na daɗe ina son tambayarki, tunda aikinki ne. Su Turawa, me suke kiran uba-dinya?"

Ni da nake taƙama ba a tambayata in rasa amsa, na lalubi kaina sama da ƙasa.

"Akwai empty nest, Appa. Wato sheƙar da ta zama wayam. Suna faɗa in 'ya'ya sun bar gida."

"Sun girma, ko suna ƙanana?"

"Sun girma."

"Matar fa?"

"Tana nan tare da shi."

"To wannan ai ba ni ba ne, wannan mai sa'a ne. Kawo wata."

"Babu, Appa. In zan gaya musu sai dai in yi dogon bayani. Kuma ko na yi, abin da suke tambaya ɗaya ne: me ya sa?"

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Mutanen da gulma ma sun raɗa mata suna."

Ban san lokacin da na sauka daga bencin na durƙusa a gabansa ba, a bainar jama'a, masu keke suna wucewa suna kallo.

"Appa, kai kaɗai za ka iya. In kai ka ce a'a, za su ji. Kai ka yi, kai ka san abin da ke ciki. Ka gaya wa Dowon gaskiya, ni in na faɗa sai in zama marar godiya. Ina son shi, Appa. Ba na son in mayar da shi baƙo a gidansa."

Ya daɗe yana murza murfin gorar. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da na matso.

"Boram-a, ranar nan a gaban mutane an zuba mini giya da hannu biyu, an ce na yi daidai. Tunda kuka tafi ba wanda ya taɓa ce mini haka. Ko uwarki. In na tashi yanzu na ce musu kuskure ne, shekarun nan fa, in kai su ina? In na kwanta in ce wa kaina me?" Ya girgiza kai. "Ba zan iya ba. Ki yafe mini."

Uba ya dubi 'yarsa ya ce ki yafe mini. Na rasa inda zan sa fuskata. Ya kamo hannuna ya mayar da ni kan bencin, ya kakkaɓe mini ƙasar gwiwa kamar ina 'yar shekara tara.

"Ya kira ni da safe," ya ce.

"Wa?"

"Dowon. Wai tunda wata rana zai shiga sahunmu, gara ya fara koyo a wurina tun yanzu. Ya ce in gaya masa abin da ya fi wuya."

A raina na ce ko Allah ya sa bakin Appa ya suɓuce da gaskiya. "Me ka ce masa?"

"Na ce ya sayi ƙaramar tukunyar shinkafa, ta mutum ɗaya. In ya bar babbar, hannu ba ya mantuwa, kullum sai ya auna ta mutum huɗu. Da safe ya buɗe ya tarar ta bushe, ya tsaya yana kallonta har ya makara aiki." Ya rufe gorar. "Ya yi godiya sosai. Ya ce zai kiyaye."

"Shi ke nan abin da ka ce?"

"Shi ke nan abin da na iya."

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Dowon ne, da hoton wani zauren biki mai fararen furanni da doguwar hanyar amarya. A ƙasa ya rubuta: "Omma ta samo mana rana a watan Mayu. Sun ce a tabbatar musu yau kafin su tashi, in ba haka ba wasu za su ɗauka. Malama, ki ce eh kawai."

Appa ya zaro tabarau daga aljihu ya leƙo. "Wuri mai kyau," ya ce. "Ki amsa masa mana, yana jira." Ya mayar da kai wajen ruwa, ya jawo hular ta rufe masa ido.

A kan bencin nake ƙarasa muku rubutun nan. Rana ta yi sanyi, lokacin ajina ya kusa, ban tashi ba, shi ma bai tashi ba. Dowon ya sake turo alamar tambaya. In na ce a'a na rasa shi, na kuma gaya wa mutumin da ke gefena cewa rayuwarsa kuskure ce. In na ce eh, na san tukunyar da zan bar masa. Yanzun nan Appa ya yi gyaran murya, har yanzu ruwan yake kallo.

"Boram-a."

"Na'am, Appa."

"In kin tafi da yaran, ki riƙa sa su suna kiran ubansu. Ko da ba su da abin faɗa."